Buhun Amana a Kwangwalam

Maigidana direba ne ɗan direba. Motar haya yake ja daga tashar Daura zuwa Matamaye a cikin Nijar, ya bi ta Mai'adua ya tsallaka iyaka a Kwangwalam. Tun kafin in shigo gidansa yake bin hanyar nan, har nakan ce masa ko an ɗaure masa ido zai kai kansa. Mutum ne mai sanyin hali, ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin baki ba. In na ga abu ba daidai ba sai na faɗa, ko a gaban surukai ne. Shi ya sa yake kirana Sarkin Faɗa, ni kuma in ce masa Malam, in na so tsokana in ce Malam Sanyi.

A da, mu iyaka ba ta dame mu ba. Yayata can take aure, a wani ƙauye kusa da Matamaye. Kawuna ma gonarsa rabi nan take rabi can. Aure, suna, ta'aziyya, duk tare muke yi, kuma rabin zumuncin nan a bayan motocin haya yake tafiya, da sunan saƙo. Mutum zai zo tasha da ƙunshinsa ko buhunsa ya ce, direba don Allah ka kai wa wane, zai tare ka a can. Direba ya karɓa ya ce Allah ya kai mu lafiya, shi ke nan. Ba a tambayar abin da ke ciki. Tambayar ma zagi ce, kamar ka leƙa wa mutum ɗakin matarsa. Wata kayan jego take aika wa 'yarta, wani ɗan abin da ya samu ne yake aika wa tsohuwarsa, ba ya son duniya ta ga ƙanƙantarsa. Surukina ya kai saƙo har ya tsufa bai taɓa kwance ɗaurin mutum ba, kuma ranar jana'izarsa da abin da aka fi yabonsa ke nan. Malam a kan wannan ya tashi.

Sai ga shekarun da bama-bamai suka fara tashi a manyan garuruwa. Mu a Daura Allah ya tsare mu, amma tsoro ba ya jiran a kawo shi a mota, da ƙafarsa ya shigo. Aka yi ta cewa makamai ta iyaka suke wucewa. Yau a rufe iyakar, gobe a buɗe, jibi a ƙara shinge. Tafiyar da Malam ke farawa da hantsi ya yi azahar a Matamaye ta koma ta wuni guda. Kullum ya dawo da labari: motar albasa ta kwana a layi har albasar ta fara ruɓewa, raguna sun galabaita da ƙishi a bayan babbar mota, 'yan kasuwa na Allah ya isa. Direbobi na cewa a yi binciken da sauri, masu kaki na cewa in mun yi sauri wani abu ya wuce, wuyan wa za a kama? Ni duk wannan bai dame ni kamar abu ɗaya ba.

Na ce masa, "Malam, ka daina karɓar saƙon nan. In kuwa dole ne, a buɗe a gabanka."

Ya ce, "Saƙon mutum ake buɗewa?"

"Zamani ya canza. Kai ne kawai ba ka ji labari ba."

"Ni ba zan zama farkon wanda ya zubar da mutuncin gidanmu a tasha ba."

Na ce to mutuncin gidanku shi zai riƙe mini yara in aka tafi da kai. Ya yi dariya ya ce Sarkin Faɗa ta tashi, ya ɗauki hularsa ya fita. Mun yi wannan maganar ta fi a ƙirga, kullum kunnen uwar shegu yake yi da ni.

Ana cikin haka yayata ta haihu, na shirya zuwa suna. Da bazara ne, zafi kamar a bakin murhu, ga shi ranar kasuwar Mai'adua, hanya cike. Na shiga motar Malam na zauna a baya cikin mata, don tun da aka ƙaddamar da Shari'a can ne wurin zamanmu. Kusa da ni wata tsohuwa ce da za ta duba jikarta, da ƙwaryar furarta a cinya.

Mota ta kusa cika sai na hango ta taga wani mutum ya rungumo buhu yana nishi. An ɗinke bakin buhun da igiya tsaf, kuma daga yadda ya yi tudu nan ya yi kwari can ka san ba hatsi ba ne, wani abu ne mai tauri. Ya ce wa Malam a kai wa limamin wani ƙauye a gaban iyaka, za a tare shi a bakin hanya. Malam ya karɓa hannu biyu, ya ɗora a saman mota ya ja igiya.

Na leƙo na yi masa alama, ya zo jikin taga.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Wane ne wannan?"

"Muna haɗuwa a masallacin tasha."

"Sunansa fa?"

Ya kau da kai yana duban igiyar kaya.

"Ba ka san sunansa ba, ba ka san gidansa ba, ka ɗora mana kayansa a ka? Wallahi Malam ka sauke buhun nan."

Ya ce, "Ki rufa mini asiri, mutane na ji." Ya zagaya ya tada mota. Ni kuwa tun daga Daura har muka wuce Mai'adua, duk ramin da muka faɗa kunnena na kan rufin mota. Wani abu yana ƙwanƙwasawa a sama, ƙarfe da ƙarfe, kuma na san ba tukwanen kowa ba ne.

Kafin mu kai Kwangwalam muka tarar da layi. Manyan motoci na siminti da na rake sun jeru a hannunmu, a ɗaya hannun kuma na dabbobi da na albasa da suka fito daga Nijar. Wari ya cika wurin, raguna na ta kuka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci. A gaba an tara buhunan yashi an yi sabon shinge. Sojojin da ke wurin baƙi ne, ba waɗanda Malam ya saba gaisawa da su ba. Samari ne, idanu jajur don rashin barci, yatsa a kan kunamar bindiga. Ko mu da ke cikin mota mun ga su ma a tsorace suke, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Da layi ya zo kanmu, rana ta take tsaka. Aka ce kowa ya fito, a sauke kaya duka a jera a kan titi, kowa ya tsaya a bayan nasa. Sabuwar dabara ce don a rage ɓata lokaci, wai in kowa na kan kayansa sai a duba a wuce. Mai buhun gero ya tsaya a bayan geronsa. Mai katifa ya tsaya. Tsohuwa ta tsaya da ƙwaryarta da ƙullin tsummanta, ni da kwallar kayan barka. Kowane kaya ya samu mai shi, sai buhun nan kaɗai a tsakar titi, ba kowa a bayansa.

Wani dogon soja ya nuna shi da bakin bindiga. Hausarsa a karye take, amma kowa ya gane. "Na waye?"

Malam ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, saƙo ne. Amana ce a hannuna."

"Menene ciki?"

Na ɗaga ido na kalli Malam, ina roƙon Allah ya sa ya ce ko kayan ƙira ne, ko ƙarfen gado, ko ma mene ne. Amma mutumin nan bai iya ƙarya ba.

Ya ce, "Ban sani ba."

"Wa ya ba ka?"

"Wani bawan Allah ne a tasha."

Kan ka ce kwabo wuri ya hargitse. Aka kora mu baya, can gindin wata bishiyar darbejiya, maza aka ce su kwanta rub da ciki. Direbobin da ke ƙarƙashin motoci suka tashi suka yi daji, wasu ko takalmi babu. Sojoji suka koma bayan buhunan yashi, bindigogi duka a kan mutum ɗaya. Malam na tsaye shi kaɗai da buhun, inuwarsa 'yar ƙarama a ƙarƙashin ƙafarsa. Ban taɓa ganin ya yi mini ƙanƙanta haka ba.

Akwai wani dattijon jami'in bakin iyaka, mai furfura a gemu, wanda ya daɗe a wurin ya san Malam. Shi ya tsaya daga gefe yana fassara. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam direba, sun ce kai za ka buɗe da hannunka. A hankali, kada ka yi saurin motsi."

Na yunƙura zan tashi. Bakina ya cika da magana, ta sojoji daban, ta Malam daban, ta mai buhun daban. Sai na ji an damƙe zanena. Tsohuwar nan ce. Ta sa tafin hannunta mai warin fura ta toshe mini baki.

Ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Yau bakinki zai iya kashe shi."

Na zauna. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa haɗiye magana mai nauyin wannan ba.

Aka jefo masa wuƙa, ta faɗi kusa da ƙafarsa. Bai ɗauka ba. Ya durƙusa ya kama kan igiyar yana warware ɗinkin huda bayan huda, don ya samu ta mayarwa in an gama. Bindigogi a kansa, shi kuwa yana tattalin igiyar mutane. Na ce a raina, ya Allah, wannan wane irin mutum ka haɗa ni da shi? Ina jin haushinsa, ina kuma ƙirga yaranmu a zuci ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin da wane baki zan gaya musu.

Bakin buhu ya buɗe. Ya zura hannu. Abin da ya fara fitowa waya ce, doguwa, ja da baƙa a murɗe.

Na ji ƙarar ɗana bindigogi a tare. Wata mata a bayana ta saki fitsari, ba wanda ya ko kalle ta. Malam ya ci gaba da jawo waya, sannan ya fito da wani baƙin akwati na ƙarfe mai maɓallai, ya ajiye a hankali kamar jariri. Daga ƙarshe ya sa hannu biyu ya ciro wani abu mai faɗin baki, fari-fari, a naɗe da tsummoki.

Dattijon ya miƙa wuya ya duba. Ya ce, "Ai lasifika ce. Lasifikar masallaci ce da na'urarta." A shekarun nan kowane ƙauye na son a ji kiran sallarsa daga nesa, ba abin mamaki ba ne.

Na fara sauke numfashi, ashe da saura. Dogon sojan ya ce ƙahon lasifikar ya gani, akwatin fa? Wa ya san abin da aka cusa a ciki? Ba su da na'urar dubawa, ba su da abin kwance shi, ga layi ya kai inda ido ba ya gani, ga masu dabbobi daga nesa suna roƙo a taimaka musu. Suka yi ta magana da dattijon. Na ga yana girgiza kai, na ga an fi ƙarfinsa. Ya juyo, muryarsa ta canza.

"Malam direba, sun ce in lasifika ce to ta yi magana. Ka ciro batirin motarka ka haɗa. Kowa ya ƙara ja baya."

Wato mijina suka mayar na'urar dubawar da suka rasa. In akwatin lafiya yake, a wuce da wuri. In ba lafiya ba, direba ɗaya ne ya tafi.

Ya ciro batir ya kawo tsakar titi. Ya jona ƙahon da akwatin, ya ciro abin magana daga buhun ya jona, ya riƙe shi a hannun hagu kusa da bakinsa yadda aka umarce shi. Ya ɗaura waya ɗaya. Saura ɗaya a hannun damansa, ina hango yadda take karkarwa. Shi ma bai san abin da ke cikin akwatin ba. A lokacin ne, ina ji, ya fara yarda cewa watakila ni ce mai gaskiya. Na ga leɓɓansa na motsi, na san abin da yake faɗa, abin da kowane Musulmi ke so ya zama ƙarshen maganarsa. Yana cikin faɗa a hankali ya taɓa wayar a kan batir.

Kalmar shahada ta fashe a wurin da ƙarfin da ban taɓa jin irinsa ba, da muryar Malam, ta bugi jikin motoci ta dawo. A kunnenmu addu'ar mai jin tsoron mutuwa ce. Su kuwa samarin nan, a waɗancan shekarun, abin da aka gaya musu ke nan ana ji kafin bam ya tashi.

Bindiga ta tashi, harbi ɗaya. Malam ya kife.

Ban san na yi ihu ko ban yi ba. Tsohuwa ta rungume ni ta baya, furarta ta kife a kan ƙafafunmu. Raguna ma suka yi tsit. Ina kallon farar rigarsa a kan kwalta ina neman inda ja zai ɓullo. Na ce shi ke nan, na zama gwauruwa a bakin hanya, a kan buhun wanda ko sunansa ba mu sani ba.

Sai na ji wani sauti daga lasifikar, kamar ana hura wuta da mafici. Ya shiga, ya fita. Ya sake shiga, ya fita. Abin maganar ya faɗi kusa da bakinsa, numfashinsa ne duk jama'a ke ji. Na daina neman jini, na koma sauraron wannan. Duk fitar da ya yi sai in ce alhamdu lillahi, in jira na gaba.

Dattijon nan, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗaga hannuwansa sama ya taka tsakanin bindigogi da Malam, yana yi musu magana da Turanci har ya isa ya fizge wayar. Ya dafa kafaɗar Malam ya ce ya tashi. Ya tashi da ƙyar, goshinsa ya ƙuje, ƙasa a gemunsa. Harsashin ƙahon lasifikar ya huda, ya shiga ta nan ya fita ta can. Wanda ya yi harbin yaro ne ƙarami cikinsu, ya zauna a kan buhun yashi ya dafe kai, wani na ba shi ruwa yana zubewa a ƙirjinsa. Na so in tsine masa, na kasa.

Ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Aka ce mu loda mu tafi, muna tare hanya. Muna lodi na ga ana jawo mushen rago daga bayan wata mota, mai shi na tsaye yana kallo. Malam ya mayar da komai cikin buhun, ya ɗinke da igiyar nan da ya ƙi yankawa. Muka hau mota muka tsallaka.

A bakin hanyar ƙauyen muka tarar da wani dattijo a gindin bishiya, tun hantsi yake jira. Malam ya sauke masa buhun, ya durƙusa ya ce a gafarce shi, an buɗe amana a hannunsa, kuma ta samu rauni. Shi ne ma mai ba da haƙuri. Dattijon ya ce gari ne ya yi karo-karo aka sayo, in dai tana magana ai ba komai. Ni na isa gidan yayata la'asar sakaliya, an daɗe da raɗa suna, an watse. Ta ce me ya tsare ku? Na buɗe baki sai kuka.

Ban taɓa ce wa Malam ai na gaya maka ba. Na tanadi kalmar a hanya, na gyara ta, amma da muka dawo gida na ga yadda yake zabura in yaro ya yar da kwano, sai na bar ta.

Ba a jima ba shugabannin tasha suka kafa doka, duk saƙo sai an buɗe a gaban direba da ɗan kamasho, a ga mai shi a san gidansa. Masu shinge kuma suka yarda motar da aka duba a tasha ba sai an zazzage ta ƙasa ba. Hanya ta ɗan yi sauƙi, Malam ya koma dawowa kafin magariba. Abin da na yi ta nema ke nan, kuma na samu. Sai dai na sha ganin tsofaffin mata a tasha suna kwance ƙullinsu a gaban maza, kai a sunkuye, ana ganin ɗan garin rogo da tsohon zane. Wasu daga ranar ba su sake aikawa ba.

Bayan wasu watanni, da damina ta faɗi, na haɗa wa yayata ɗan saƙo. Daddawa ce, da kuka, da 'yar rigar jariri, da sabulu. Na ƙulle a ɗankwali da safe, na tare Malam a bakin zaure zai fita, na miƙa masa kamar yadda na saba tun ina amarya.

Bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallon ƙullin, hannuwansa a baya.

Ya ce, "Kwance in gani."

Na ɗauka wasa yake. Na dubi fuskarsa, ba wasa a ciki. Jini ya hau mini ka. Ni? Ni da na haifa maka 'ya'ya, ni da na zauna a gindin darbejiya ina ƙirga numfashinka? Duk sun zo bakina a jere. Sai na hango hannunsa ta gefen riga, yatsun na rawa irin ta ranar nan, yana ƙoƙarin ɓoye mini.

Na durƙusa a ƙasan zaure na kwance ɗankwalin. Na jera masa daddawa, na jera kuka, na warware 'yar rigar na ɗaga ya gani gaba da baya, na ajiye sabulun a gefe. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ya ce, "Ɗaure."

Na ɗaure na miƙa masa. Ya karɓa ya fita, na ce Allah ya kiyaye hanya.